Karin Ilu Jita, Daga Kaduna Zuwa Mina

Shekara bakwai ke nan da muka ɗauko Iliyasu daga Harami bayan sallar La'asar, muka kai shi makwancinsa a bayan garin Makka. Mutanen unguwar Tandabawi sun san shi da Malam Ilu mai gyaran rediyo. A cikin waɗanda suka kama makararsa ranar nan, ni kaɗai na san akwai zamanin da ake ce masa Ilu Jita, kuma ni ne mai buga masa ganga.

Sunana Sale. Na yi shekaru ina tuƙa motar alhazai a wannan ƙasa, yanzu ƙarfi ya ja baya, na koma zaman gida wajen ɗana a unguwar Hindawiyya. Ban saba rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata waƙa, wadda na tabbata mafi yawan masu karanta wannan shafi sun taɓa jin ta ko da sau ɗaya, a gidan biki, ko a motar haya, ko a bakin wata tsohuwa, ba tare da sun san hanyar da ta biyo ta iso gare su ba.

Asalinta ta Turawa ce, irin kiɗan nan da suke kira rok. A Kaduna muka fara jin ta muna samari, a wani faifai da wani malamin makaranta Bature ya bar wa kukunsa da zai koma ƙasarsu. Kukun maƙwabcinmu ne, yana da garmaho, na'urar kunna faifai, mu kuma muna da kunne da lokaci. Jita ɗaya ce ke buɗe waƙar, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Can sai ganga ta shigo, muryar mawaƙin ta riƙa hawa har ta zama kamar kuka. Ba wanda ya ji abin da yake faɗa a cikinmu, domin Turancin waƙa daban yake da na aji. Ilu ya saurara har faifan ya fara ƙarce, sannan ya yanke hukunci da kansa cewa wannan mutum uwarsa yake kira.

A kan wannan zato ya gina tasa. Ya zauna ya sa wa karin kalmomin Hausa: wani ɗa ne a kan hanya, ya daɗe bai je gida ba, yana aika saƙo a gaya wa mahaifiyarsa kada ta sa a kulle zaure, yana nan tafe. Ya rage wa jitar sauri. Ni kuma na ajiye dukan Turawa na ɗauko wani salo kusa da na kalangu, don haka hannuna ya fi sakewa. Mu biyar ne a ƙungiyar kiɗanmu, muna kiɗa a wani otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Muna da waƙoƙi da dama na rawa, amma duk ranar da Ilu ya taɓa tsirkiyar farko ta wannan, sai masu rawa su koma kujera. Ma'aikatan jirgi ne akasari da sojoji da direbobin manyan motoci, mutanen da kowanne ya baro wata tsohuwa a wani gari. Na ga ƙato mai gashin baki ya kifa kai a tebur.

Mun kai ta Kano da Jos, mun ƙetara da ita Maraɗi da Damagaram. Ba a taɓa naɗar ta ba. Wani ma'aikacin gidan rediyo ya taɓa cewa mu zo a ɗauke mu, an ma sa rana, sai aka aiko wa Ilu cewa mahaifinsa ba lafiya.

Mahaifin Ilu malami ne mai almajiran ilimi manya a Zariya, kuma tun ranar da ya ji ɗansa yana kiɗa a otal ya daina amsa gaisuwarsa. Bai zage shi ba, bai kore shi ba. Ilu zai durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya ci gaba da duba littafinsa. Da Ilu ya isa gefen shimfiɗarsa a wannan ciwo, tsohon ya buɗe baki ya yi masa magana karo na farko cikin shekaru. Ya ce masa abin da mutum ya saki a duniya ba ya tsayawa don ya mutu, duk wanda ya yi aiki da shi ana rubuta wa mai shi, alheri ne ko akasinsa. Washegari ya cika.

Ilu ya dawo Kaduna bayan sadakar arba'in, ya miƙa wa mai buga mana babbar jita tasa jitar, ya ce zai je ya yi wa mahaifinsa aikin Hajji. Na raka shi tasha. Na ce masa ya yi sauri ya dawo, mutumin gidan rediyo yana jira. Ya ce to. Bai dawo ba.

Sai bayan fiye da shekara goma na sake ganinsa, lokacin da na samu aikin tuƙi da takardar zama, wadda a nan ake ce wa iƙama. Na yi ta cigiya har aka nuna mini wani ɗan shago a wani lungu na Tandabawi, rediyoyi jibge har rufi. Ya tara gemu, ya rame, Hausarsa ta cakuɗe da Larabci. Ya auri wata baiwar Allah 'yar Damagaram, Hajiya Mairo, suna da 'ya ɗaya, Ruƙayya. Shi ba shi da iƙama. Yana daga cikin dubban 'yan uwanmu da suka zo ibada suka zauna, waɗanda in suka fita ba su da hanyar dawowa. Mahaifiyarsa ta rasu a Zariya yana nan, labari kawai ya iske shi. Ranar da ya gaya mini haka bai dube ni ba, kuma ni ma ban ambaci waƙar ba, ko da yake na san ita ce a ran kowannenmu.

Ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce: "Sale, a gidana ba wanda ya san Ilu Jita. Ka bar shi a Kaduna."

Na bar shi. Amma waƙar ba ta zauna a Kaduna ba. Ashe a zuwanmu Maraɗi wata zabiya ta ji ta, ta ɗauke karin ta ɗora shi a kan kiɗan ƙwarya, ta mayar da shi waƙar rakiyar amarya. Tata ce aka fara naɗa a kaset, direbobi suka yaɗa ta. Daga nan wasu samarin Agadas suka mayar da ita kan jita, da harshensu. Daga baya masu waƙoƙin finafinai a Kano suka same ta, suka sa mata fiyano, suka raba ta tsakanin saurayi da budurwa. Kowa ya ɗauka yana zaton daga wanda ya gabace shi ta faro. Babu wanda ya kai ga otal ɗin bakin tasha, balle faifan kuku.

Ina zaune a shagonsa wata rana da hantsi aka kawo rikoda, kaset ya maƙale a ciki. Al'adarsa in ya gama gyara da karatun Alƙur'ani yake gwadawa, amma ranar nan yana danna maɓalli sai kaset ɗin mai rikodar ya tashi. Ta finafinan ce. Fiyano ya buɗe da karin nan daidai yadda Ilu ya lanƙwasa shi, har da wata 'yar tsayawa da ya ƙirƙira kafin amshi, wadda babu ita a faifan Bature. Na ga yatsun hannunsa na hagu sun motsa a kan teburi. Sai ya kashe. Ya miƙa wa mai kayan kayansa, ya jira ya fita.

"Har yanzu tana yawo?" ya tambaye ni.

Na ce tana yawo, har ma ta fi da.

"Ana rawa da ita?"

Na ce ana yi.

Ya ce: "Ni ina nan ina ɗawafi, ita tana can tana tara mini."

Sai a ranar na fahimci nauyin da ya shekara yana ɗauka. Na yi ƙoƙarin rage masa. Na ce ai ba shi ya ƙirƙiri karin ba, na Bature ne. Ya ce Bature bai kawo shi Hausa ba. Na ce kalmominsa ba na banza ba ne, ɗa ne ke kiran uwa. Ya ce uwar ta mutu tana jira. 

Duk shekara in lokacin Hajji ya zo yakan rufe shago ya tafi Mina, ya yi aikin tura tsofaffi a keken marasa lafiya zuwa wajen jifa. Mu direbobi a kwanakin nan motocinmu a ajiye suke, don haka nakan bi shi, in riƙe wa mai keken laima. A Hajjinsa na ƙarshe, ciwon suga ya riga ya ci ƙafafunsa, ya kamata a ce shi ake turawa. Hajiya Mairo ta hana, ya ƙi.

Rana ta biyu ta jifa muka ɗauko wata tsohuwa 'yar wajen Katsina, ƙarama kamar yarinya, bakinta ba ya hutawa. Mun gama, muna komawa tantinsu, sai aka tsayar da ayarinmu don wani ya wuce. Rana ta take, kowa ya yi jugum. Tsohuwar nan ta lumshe ido ta fara rera bege a hankali, tana yabon Manzon Allah, tana kaɗa kai. Ban ankara ba da farko. Sai da ta kai ga wannan 'yar tsayawar kafin amshi, sannan na gane. Karin Ilu ne, ba ragi. Wasu mata biyu a gefe suka kama mata amshi, alamar abu ne sananne a garuruwansu.

Ilu ya saki hannun keken. Ya zagayo ya durƙusa a gabanta, da ƙafafun nan nasa.

"Hajiya, a ina kika samo wannan?"

Ta buɗe ido ta dube shi. "Wanne? Begen? Ai wannan tun kaka da kakanni ake yin sa. Na bayin Allah ne na da."

"Ki ƙara mini, don Allah."

Ta ƙara. Da ta zo amshi muryarta ta sauka, sai Ilu ya ce mata a hankali, a wurin nan hawa ake yi, ba sauka ba. Ya buɗe baki ya nuna mata, layi ɗaya tak, da kalmomin begenta. Shekara talatin da wani abu rabona da jin wannan murya. Ta dushe, ta yi rawa, amma ita ce.

Tsohuwar ta taɓe baki. "Kai kuma me ka sani a bege? Tashi ka tura, an buɗe hanya."

Ya tashi ya tura. Har muka kai tanti hawaye na bin gemunsa, masu wucewa na zaton na tuba ne irin wanda aka saba gani a Mina. Da muka sauke ta, muka samu inuwar wata gada muka zauna, ya sha ruwa, ya juyo.

"Sale, wannan kuma a wane shafi za a rubuta mini shi?"

Na ce masa ni direba ne, ba malami ba.

Ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun muna samari. Ya ce: "Da Malam ya ji tsohuwar nan." Mahaifinsa yake nufi. Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaye shi me yake ganin Malam zai ce ba. Har yau ina tunanin wannan rabin zance.

Bai kai wani Hajjin ba. Ƙafar ta ruɓe, ya yi ta jan jiki da magungunan shago saboda tsoron da mara takarda ke yi wa duk wata ƙofa da ake tambayar suna. Da ya yarda aka kai shi asibiti, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma an makara. A kwanakinsa na ƙarshe na lura da abu ɗaya: ya daina kashe rediyo in kiɗa ya shigo. Ba ya ƙara murya, amma ba ya kashewa.

Yau in na bi ta Tandabawi ba na gane wurin. An yanka sabon titi ta tsakiyar unguwar, layin shagonsa ya tafi, maƙwabtansa sun watse, wasu an mayar da su gida, wasu sun koma bayan duwatsu. Ko da shagon ya tsira, ban san me zai gyara ba, tunda kowa rediyonsa na aljihu. Hajiya Mairo ta bi shi bayan shekara uku. Ƙasar ma kanta ta canza fuska. A Jidda, tafiyar da ba ta kai a yi mata guzuri ba, yanzu ana kafa dandali, makaɗa na zuwa daga ƙasashen Turawa, matasa na tafi a fili. An nuna mini a waya wasu samarin Larabawa da dogon gashi suna buga wannan waƙa tamu, ta asalin, a wani zaure cike da mutane. Na yi ta tambayar kaina me Ilu zai ce. Mutumin da ya gudo ƙasar da ya tabbata jita ba za ta biyo shi ba. Zai ji an ci amanarsa ne, ko zai ji an sauke masa kaya? Wani lokaci ina ganin zai girgiza kai ya shige masallaci. Wani lokaci kuma ina ganin zai saurara har ƙarshe, ya ce mai gangar nan yana sauri.

Alkawarin da na yi masa na riƙe shi har bara. Ruƙayya ce ta zo gaishe ni da yaranta. Haifaffiyar nan ce, Larabci ya fi mata sauƙi, Hausarta ta gida ce, ta cin abinci da gaisuwa. Muna hira sai ta ce akwai abin da ya daɗe yana damun ta. Ta ce ranar da aka kwantar da mahaifinta a asibiti ta ga yatsunsa na tafiya a kan bargo, suna danne-danne kamar mai lissafi, amma ba irin na tasbihi ba. Ta tambayi mahaifiyarta a lokacin, ta ce ba ta sani ba. Ammi Ruƙayya ke ce mini, wato baffa da Larabci, mahaifinta kuwa Abuya.

"Ammi Sale, kai ka san shi tun kafin mu. Wane ne Abuya kafin ya zo nan?"

Na duba, waɗanda ya ji kunyarsu duk sun riga mu gidan gaskiya, wadda ta rage kuwa tambaya take yi da bakinta. Na gaya mata komai. Ta ɗauko waya ta shiga nema. Cikin ɗan lokaci ta samo ta Baturen, da ta zabiyar Maraɗi, da ta samarin Agadas, da ta finafinai, da begen kala uku. Ta samo har da wasu da ban san da su ba, wata da harshen Indiya, wata da goge zalla. Ta yi makaranta, tana jin Turanci, sai na ce ta gaya mini abin da Baturen ke faɗa, tunda mun shekara hamsin ba mu sani ba. Ta saurara, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ta ce ba uwa a ciki ko kaɗan. Saurayi ne ya yi fushi da budurwarsa, yana haɗa kayansa. Na yi dariya har na yi tari. Uwar da ta sa ƙarti kuka a Kaduna, daga cikin Ilu ta fito.

Sai ta ce: "To ina ta Abuya?"

Na ce babu. Kowa ya bar tasa a duniya, tun daga wanda ya fara har zuwa wanda ya kwaikwayi mai kwaikwayo, ban da mutumin da ya ɗauko ta ya tsallako da ita.

Ta ajiye wayar a kan tabarma a gabana, ta danna wajen naɗa. "Yi mini ita."

Na ce ni mai ganga ne, ban taɓa waƙa ba. Ta ce ta ji, in yi. Na jawo farantin shayi na kifa shi a cinya, na fara da yatsu. Baitin farko ya zo da kansa. Na biyu ya zo da ɗingishi. Da na kai na uku, inda ɗan ke isowa bakin garinsu, sai na tarar babu komai a kaina. Na koma baya na sake tahowa, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Hannuna na ci gaba da bugu, ya san hanya, amma kalmomin sun tafi. Sauran ukun da muka yi kiɗa tare duk sun rasu. Babu wanda zan tambaya a bayan ƙasa.

Na ce mata ta goge, in na tuna sai mu sake. Ta ɗauke wayar ta rungume a ƙirji, ta ce a'a, a bar ta haka.

Ban tuna ba har yau, kuma na daina sa rai. In aka tambaye ni me ya rage na Iliyasu, ba zan iya nuna kabari ba, domin a nan ba a rubuta suna, ni kaina in na je sai dai in yi sallama ga fili gaba ɗaya. Ba zan iya nuna shago ba, ba hoto, ba faifai. Abin da ya rage shi ne 'ya mai tsoron Allah da ya tarbiyyantar, da tsofaffin da ya tura a zafin rana waɗanda ba su san sunansa ba, da wani kari da ya shiga bakin Hausawa har suka manta baƙo ne. Hukuncin wannan na ƙarshe ba nawa ba ne, yana wajen Wanda rahamarsa ta fi tsoron da abokina ya rayu da shi faɗi. Ina roƙon mai karatu ya sa shi a addu'a, Allah Ya gafarta masa, Ya haɗa shi da iyayensa cikin aminci.

Ruƙayya ta gaya mini 'yarta ta fari ta haddace baitocin biyu daga wayar, ko da yake ba ta jin rabin ma'anarsu. Ta tambayi uwarta ko mutumin ya isa gida. Uwar ta ce ta tambayi Ammi Sale. Ranar Juma'ar da ta wuce yarinyar ta tambaye ni, na ce mata ya isa.